Koren Kwaɗon Misis Vera

Asmawu na durƙushe tana laluben ƙarƙashin gadon Misis Vera, tsohuwar da take kula da ita, sai ɗanta ya faɗo ɗakin.

"Tashi. Na riga na kira kamfanin da ya turo ki. Daga yau kin bar gidan nan."

Koren kwaɗon mahaifiyarsa ne ya sake ɓata. Bai fi kan babban yatsa ba. Maƙeran sarkin Rasha suka sassaƙa shi da dutse mai daraja, kuma shi kaɗai iyayenta suka tsira da shi zuwa Birmingham. Tun da hukumar gari ta rage lokacin da masu kula da tsofaffi ke yi a kowane gida yake ɓata, Asmawu ta tsaya nema har ta makara gidan gaba. Yau dai ya ƙi fitowa.

Ba ta tsaya rantsuwa cewa ba ita ta sace ba, wa zai yarda? Ta matsa yin sallama, ta kama hannun tsohuwar. Hannun a dunƙule yake. Wani abu mai tauri ya taɓa tafinta.

Misis Vera ta yi murmushi, ta raɗa mata:

"Kar ki gaya masa, 'yata. Muddin ba a gan shi ba, ai ba kya tafiya."