Farantin Sola da Ya Ƙi Caji

Karo na huɗu ke nan Yusha'u yana sauke farantin sola daga babur a shagon Sulle mai gyara, cikin kasuwar Karaye.

"Malam Sulle, ka dubi Allah. Allurar ciwon sugan Innata a firji take zama. Kullum kafin magariba batir ya mutu. Kwalba biyu sun lalace, saura ɗaya."

Sulle ya jingina farantin a rana, ya auna. "Na sake dalma, na canza wayoyi, na liƙe tsagar gilashin. Ga wuta nan tana shiga. Na hannu ne, amma lafiyarsa ƙalau."

Yusha'u ya koma ƙauyensu Jajaye, ya mayar da farantin tsakar gida.

Washegari ya je gona, amma damuwa ta hana shi noma. Da azahar ya yar da fartanya ya nufo gida, ya taɓa firjin ya ji ɗumi. Ya fito tsakar gida sai ya tsaya cak.

An lulluɓe farantin da tabarma, an danne da duwatsu.

"Inna, wa ya yi wannan?"

Tsohuwar ta ɗago daga tsinkar zogale. "Ni ce, ɗan nan. Kana fita nake rufewa, sai rana ta yi sanyi in buɗe. Ka sayar da ragonka saboda ni, ga shi dama da tsaga. Sai in zuba ido rana ta ƙarasa maka shi?"