Sai Bayan Girbi

"Baba, a Jidda albashin wata guda ya fi na shekarata a asibitin gwamnati," in ji ɗansa, likitan allurar barci.

Tsohon ya ci gaba da jan ruwa zuwa fangin gonarsa, bai ko ɗago ba. "Allah ya sa albarka. Amma ranar tiyatar ƙabata, ba mai sa ni barci sai kai. A yi, sannan ka tafi."

"Na yi alkawari. Yaushe?"

"Da na gama girbi."

Yaro ya daɗe a birni, ya manta. Tun da ruwan madatsar Tiga ya iso Kura, ana yanke shinkafa ake shuka alkama, kafin a sheƙe alkama tumatir ya nuna.

Fasfo dai ya tsufa a akwati. Bana ma tsohon ya ƙara da albasa.