Sunan da Mama Nimota Ta Ƙi Faɗa

"Ki faɗa mini sunan mutum ɗaya da ya shiryu a hannunki!" Na buga tebur a gaban 'yan kwamiti.

A 1978 ne, ina shugaban kwamitin unguwarmu a Titin Bauchi. Mama Nimota, tsohuwar tela, ta zo neman tallafi. Shekara ashirin alƙali yana tura mata matasan da aka kama da sata, tana koya musu ɗinki maimakon a kai su gidan yari. Yanzu kekunanta duk sun lalace.

Ta daɗe tana kallona. "Malam Haladu, ba na faɗin sunan 'ya'yana."

"Don babu ne," na ce. Aka yi dariya, aka sallame ta hannu wofi.

Na koma gida ina ba matata Kubra labari, har da kwaikwayon Hausar tsohuwar. Tana zuba mini miya, sai ta ajiye ludayin.

"Ba ta ambaci kowa ba?"

"Wa za ta ambata?"

"Ni, Baban Ladi. Ina shekara sha huɗu aka kama ni da atamfar mutane a kasuwa. Shekara uku na yi a wurinta kafin ka san ni." "Jiya na je na ce ta faɗi sunana. Ta ce gara a rufe wurin da mijina ya ji kunya a gaban jama'a."

Na kasa ɗago kaina daga kwanon.