Kafur a Zanen Goyo

A Toranke, in ana zancen tsafta, sunan Inna Karimatu ake fara ambata. Ko kyankyaso ya san akwatinta ba masaukinsa ba ne, don kafur take zubawa kamar kyauta ake ba ta.

Da cikin surukarta Muslima ya tsufa, Inna ta tanadi riguna da zannuwan goyo, ta jera su a cikin kafur. Da aka haifi namiji kuwa, ita ta naɗe shi da hannunta tana guɗa: "Ga angona ya iso!"

Tun kafin ranar suna, idon yaron ya koma ruwan ɗorawa, ya ƙi kama mama. Maƙwabta suka ce shawara ce, a riƙa shanya shi a hantsi, a ba shi jiƙo. Sai da ya fara sandarewa aka tafi asibitin Ajingi, daga can aka tura su Kano.

Likita ya shinshina zanen ya ce, "Inna, kafur nake ji?"

"Shi ne, ɗan nan. Saboda ƙwari."

"To, kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da sinadaran da ke sarrafa sukari. Su ne masu iza wuta in ana bukatar ƙarfi, su rage ta in ya isa. Ɗaya daga cikinsu shi ke kare jini. Wasu yaran da ƙarancinsa ake haifarsu, kuma ba a gane su da ido. In kafur ya shige su ta fata ko ta numfashi, sai ƙwayoyin jininsu su farfashe."

An canza wa yaron jini, ya rayu, aka sa masa suna Mu'az. Amma shawarar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa, ya tashi ba ya ji.

Inna ta sha kuka, amma ba ta ƙule a ɗaki ba, kuma nan ne ta burge kowa. Yau duk gidan da aka haihu, akwatin mai jego take fara dosa, ta tsince kafur tas, ta sa a wanke kayan.

Wata mai jego ta taɓa ce mata, "Kai, Inna, ko barka ba ki yi mana ba!"

"Barkar ke nan, 'yar nan. Ni angona ban taɓa kiransa ya waiwayo ba. Ke ina so naki ya ji muryarki."

Jama'a, a raba kayan jarirai da kafur. In kuma idon jariri ya canza launi, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran hantsi.