Kafin Maigida Ya Dawo

Injin ya fizge daga hannunsa, ya ci gefen katakon kamar ɓera ya samu sabulu. Tsoho ya kashe shi da sauri. Ga rami, ga baƙin ƙuna, a bakin teburin da aka ce gobe mai shi zai zo ɗauka.

Rauta kafintoci ke kiran injin, shi ake bi da shi a fere gefen katako ya fito da ado. A hannun wasu kamar alƙalami yake. A hannun Tsoho kuwa, wallahi, doki ne marar linzami.

Bai daɗe da fara koyo ba. Tun da ya tashi daga doguwar jinya, ba shi da wurin zuwa sai wannan shago da ɗan ɗakin da ke bayansa, inda yake kwana. Wata matashiya ce ke koya masa, ita ke riƙe da shagon, shi ya sa yake ce mata Malama. Tana da haƙuri, sai dai ba ta cika kallon idonsa ba.

Dokokin kuwa duk na Maigida ne. A matse katako kafin a taɓa shi. A zare wayar wuta kafin a sauya haƙorin inji. Kada a ci da zurfi lokaci guda, a bi a hankali, a sake bi. A tura injin ya saɓa wa juyin haƙorinsa, in ka bi shi ta inda yake so, zai gudu da kai. Ma'aikata sun haddace su kamar karatu, kuma in sun faɗa sai su rage murya.

Tsoho bai taɓa ganin Maigidan nan ba, amma tsoronsa ya cika masa ciki. An ce mutum ne da ba ya ɗaukar wargi. An ce ya taɓa farfasa ƙofa sabuwa fil saboda layi ɗaya ya karkace. To, mai irin wannan zuciya, me zai yi da tsoho mai rawar hannu da ke cinye masa katako?

"Malama, yaushe Maigida zai dawo?" ya taɓa tambayarta.

"Muna nan muna jiransa, Baba," ta ce, ta juya tana kakkaɓe benci da ba shi da ƙura.

Abin da ke ba shi haushi, shagon bai ƙi shi ba. Bencin da aka ba shi daidai ƙugunsa yake, ba ya sunkuyo. Ko an ɓoye sanfefar goge katako a bayan gwangwanin gam, hannunsa can yake zuwa. Mariƙin injin ma an naɗe shi da roba, an yi masa ɗan tudu a dama, daidai inda guntun yatsansa ke kwanciya. Ma'aikata na miƙewa in ya shigo, ya ɗauka ladabin furfura ne. Komai ya karɓe shi, injin nan kaɗai ya ƙi.

Yanzu ga aika-aika. Ya duba hagu da dama, kowa ya fita cin abinci. Ya ɗebo garin katako ya kwaɓa da gam ya cusa a ramin. Ina! Sai ma ya ƙara fitowa, kamar tabo a goshi. Ya jawo tsumma ya rufe wurin, ya zauna a kan buhu. In aka kore shi, ina ya nufa? Ko sunan unguwa ɗaya ba ya iya kamowa a kansa.

Mai teburin bai jira gobe ba. Da la'asar sai ga shi, wani dattijo mai ƙaton tumbi da babbar murya. Tsoho ya laɓe bayan jerin katakai yana leƙe ta tsakani.

Dattijon ya ɗage tsumman. Ya dubi Malama.

"Haba, 'yata! Tun kina goye nake sayen kaya a shagon nan. Wannan aikin wa?"

"Nawa ne," in ji Malama. "Hannuna ne ya kuɓuce. A yi haƙuri, zan sake wani."

Wannan ƙarya ta soki Tsoho har ƙashi. Yarinyar da ta yi ta fama da shi, ita za ta sha faɗan Maigida saboda shi? Ai ko a titi zai kwana, ba zai yarda ba. Ya fito yana jan ƙafa, garin katako har gemu.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Ni na ɓata. Sabon koyo ne ni." Ya juya ga Malama. "Don Allah ki roƙa mini Maigida in ya dawo. Zan iya, wallahi zan iya. Kada ya kore ni."

Dattijon ya ƙura masa ido. A hankali ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai. Ma'aikatan da suka dawo suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa, wani na share ido da bayan hannu.

Malama ta matso. Ta kama hannunsa na dama, ta ɗora a kan mariƙin injin, ta kwantar da guntun yatsan a kan tudun robar. Yau kam ta kalli idonsa, hawaye na zuba.

"Ba mai korarka, Baba," ta ce. "Da hannunka ka naɗa robar nan, a kan bencin nan ka koya mini aiki ina ƙarama. Jinya ce ta sa ka manta. Kai ne Maigida, kai muke jira ka dawo."