Shafi Ɗari Huɗu

"Wannan manufa," in ji ministan lafiya yana bugun ƙirji, "kacokan a kan binciken likita aka ɗora ta."

Zauren taro ya ɗauki tafi. Likitar ta sunkuyar da kai, idonta ya ciko. Shekara uku ta yi tana bin asibitocin ƙauye, tana buɗe firij ɗin da ba wuta, tana rubuta matan da jini ya tsinke musu bayan haihuwa, aka yi musu allurar da zafi ya riga ya lalata. Ƙanwarta ce ta sittin da biyu a jerin waɗanda suka rasu. Shawararta ɗaya ce tak: a sa wa kowane firij wutar sola.

Majigi ya hasko matakin farko a jikin allo: kafa kwamiti. Na biyu, motocin kwamiti. Na uku, bita a otal, don kwamiti ya huta. Har aka tashi ba a ga firij ba, sai wanda ke sanyaya lemon manyan baƙi.

Ta tari sakataren ma'aikatar. "Ranka ya daɗe, anya minista ya karanta rahotona?"

"Haba likita! Ai ba ma zama sai da shi. Ba ki ji ya ce a kansa aka ɗora ba?"

Ya ɗaga majigin. Ga rahoton nan a ƙarƙashi, shafi ɗari huɗu, ko ledarsa ba a ɓare ba.

"Sai dai na gaba ki ƙara masa kauri," in ji shi. "Har yanzu hoton minista bai kai sama yadda yake so ba."