Muryar Malam Hanif a Kasuwar Rogo

"A cire shi kawai," in ji 'yan zauren kimiyya na WhatsApp, ranar da wani Maikuɗi ya turo cewa ƙarfen sabis ne ke ƙafar da nonon shanu, kuma wai ya haɗa garin magani na sayarwa.

Shugaban zauren, Malam Hanif, malamin sakandare a Ƙaraye, ya ƙi. "Mu ba ma kora, da hujja muke kayar da mutum."

Ya tura dogon saƙon murya, ya bi maganar Maikuɗi dalla-dalla ya rushe ta. Aka yi ta jinjina masa. Maikuɗi har godiya ya yi, Hanif kuwa ya kwana biyu yana jin kansa.

Ranar kasuwar Rogo, yana sauka daga acaɓa sai ya ji muryarsa a lasifika: "Malam Maikuɗi, sannu da ƙoƙari, wannan ba ƙaramin bincike ba ne." Nan ta yanke, ta sake farawa. Gaisuwar kaɗai aka ɗauka. Ga makiyaya sun yi layi gaban Maikuɗi, suna sayen garin maganin.

Goggonsa ta fito daga layin, ƙulli uku a hannunta.

"Da na ɗauka ɗan damfara ne," ta ce. "Sai na ji kai da bakinka ka tabbatar."